Muna neman a kori koci, amma wa ke tambayar ciyaman?

Malamin Sakandare, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun daga ranar da Kwango ta fitar da mu a bugun fenariti a Rabat cikin Nuwamban 2025, ya tabbata sau biyu ke nan a jere Najeriya ba za ta halarci Gasar Cin Kofin Duniya ba, magana guda ake maimaitawa a gidajen kallo da wajen masu shayi, wato a kori koci. Ina roƙon mu tsaya mu ƙirga masu horarwar da muka yi a 'yan shekarun nan kafin mu sake wannan kira. An sallami Gernot Rohr a Disambar 2021, Augustine Eguavoen ya yi riƙo, Jose Peseiro ya kai mu wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Abidjan a Fabrairun 2024 sannan ya tafi, Finidi George bai daɗe ba ya ajiye aiki, Eguavoen ya sake riƙo, sannan aka ɗauko Eric Chelle a Janairun 2025. A cikin wannan lokacin ne Victor Osimhen ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 2023, Ademola Lookman kuma ya gaje shi a 2024, saboda haka babu mai cewa 'yan wasa muka rasa. Abin da ya fi damuna shi ne, ana saura kwana kaɗan a kara da Gabon, 'yan wasanmu sun ƙi fita atisaye saboda alawus ɗinsu da aka riƙe, irin abin da ya faru a Brazil a 2014 kafin wasanmu da Faransa. A ganina ciwon yana ofishin hukumar ƙwallon ƙafa, mu kuwa kullum fili muke kallo. Kuma wannan ɗabi'a ce muke kai wa siyasa: matashi zai lissafa maka 'yan wasa goma sha ɗaya na wata ƙungiyar Ingila har da na benci, amma bai san sunan kansilan mazabarsa ba, balle ya san nawa ke shigowa ƙaramar hukumarsa a wata. Ina son jin ra'ayinku a kan wannan.

Koci, Gusau:
Wa'alaikumus salam, Malam. Na yarda da mafi yawan abin da ka faɗa, amma ina so in sauko da maganar ƙasa, domin ofishin Abuja ya yi mana nisa. Najeriya ta ɗauki Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, babu ƙasar da ta kai ta. Ka tambayi kanka inda waɗannan yara suke fitowa, sai ka ga daga filayen unguwa ne da gasar makarantu, wuraren da babu mai zuba musu ko sisi sai iyaye da masu horarwa 'yan sa-kai. Ni ina horar da yara a filin makarantar firamare, mu muke haɗa kuɗin ƙwallo da riguna, kuma idan yaro ya ji ciwo daga aljihunmu ake kai shi kemis. A da Zamfara United ta buga babbar gasar ƙasa, mutane suna cika filin wasa na Sardauna a nan Gusau, yaro yana ganin wanda zai yi koyi da shi da idonsa. Shehu Abdullahi daga Sakkwato ya fito, ya bi ta Kano Pillars, ya samo tagulla a gasar Olamfik ta 2016, ya je Kofin Duniya a 2018, wanda ya nuna cewa yankinmu ba ya rasa masu baiwa idan an buɗe musu hanya. Shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ma, Alhaji Ibrahim Musa Gusau, wanda aka zaɓa a Satumbar 2022, ɗan garin nan ne. Don haka idan za mu yi tambaya, ba mu da uzurin cewa ba mu san ƙofar da za mu buga ba.

Ɗalibi, Aliero:
Iyayena da yayyena, ku yi mini haƙuri in faɗi abin da yawancin sa'o'ina suke tunani. Ku dubi Maroko. Sarki Mohammed na Shida ya kafa makarantar horar da 'yan ƙwallo kusa da Rabat tun 2009, daga cikinta aka samu Youssef En-Nesyri, wanda ya ci Fotugal a Katar, da Azzedine Ounahi da Nayef Aguerd. Shugaban hukumar ƙwallonsu, Fouzi Lekjaa, yana kan kujera tun 2014. Sakamakon haka suka zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Duniya a 2022, suka ɗauki Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a 2025, kuma za su karɓi baƙuncin gasar 2030 tare da Sifen da Fotugal. Abin da ya ba su wannan shi ne shugaba guda mai ƙarfi wanda ba ya tunanin zaɓe mai zuwa. Mu kuwa duk bayan shekara huɗu sai sabon gwamna ya watsar da aikin wanda ya gada ya fara nasa. Shi ya sa idan matasa suka ga Ibrahim Traoré a Burkina Faso ko Janar Tiani a Nijar suna magana da murya guda, ransu yake biyawa. Ni ban ga abin da zaɓe ya tsinana mana ba.

Alhaji, ɗan kasuwar Kamba:
Ɗana, ka kira sunan Nijar, to bari wanda ke kwana a bakin iyaka ya ba ka labari. An hamɓarar da Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta saka takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da ke bi ta nan Kebbi zuwa Yamai. Tsakanin Kamba da Gaya tafiya ce ta ɗan lokaci, kuma babu gidan da ba shi da dangi ko suruki a ɗaya ɓangaren. Watanni muka yi motoci na jere a hanya, kaya masu lalacewa suka lalace, dillalan dabbobi da 'yan dako da masu sayar da abinci a tasha suka zauna babu aiki, ga shi kuma an cire tallafin mai a Mayun shekarar. Sai a Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris. Ba na goyon bayan takunkumin, domin talaka ya ci, bai taɓa wanda ya yi juyin mulkin ba, kuma na faɗi haka tun a lokacin. Amma ka lura da abu guda: a nan mun fito mun soki shugabanninmu a rediyo, sarakuna da malamai da sanatocin Arewa sun ce ba su yarda a kai yaƙi Nijar ba, kuma ba a kai ba. A can kuwa an rantsar da Janar Tiani a Maris na 2025 domin ya yi shekara biyar ba tare da an jefa ƙuri'a ko guda ba, an rusa jam'iyyu, Bazoum kuma yana tsare. Mutumin da bai gamsu ba, ina zai kai kukansa?

Ɗalibi, Aliero:
Alhaji, na ji, kuma ban raina wahalar da kuka sha ba. Amma sukar da muke yi a rediyo, me ta canza a farashin buhun shinkafa ko kuɗin mota daga Jega zuwa Birnin Kebbi? Magana ce kawai muke yi su kuma suna abin da suka ga dama.

Baba, tsohon ma'aikacin gwamnati, Yawuri:
Jikana, tambayarka tana da nauyi, kuma ba zan amsa ta da faɗa ba. Ni na yi aiki a ƙarƙashin soja na yi a ƙarƙashin farar hula, kuma tun da da ƙwallo aka fara, bari in ba ka misali daga ƙwallo. A 1994 Najeriya ta ɗauki Kofin Afirka a Tunisiya da tawagar da har yau ba mu sake samun irinta ba, ta su Rashidi Yekini da Jay-Jay Okocha da Daniel Amokachi da Emmanuel Amuneke. A 1996 ya kamata mu je Afirka ta Kudu mu kare kambunmu, sai gwamnatin Janar Sani Abacha ta hana tawagar tafiya, saboda saɓanin da ya shiga tsakaninta da Nelson Mandela bayan rataye ɗan fafutuka Ken Saro-Wiwa da abokan gwagwarmayarsa a Nuwamban 1995. Hukumar ƙwallon Afirka ta hukunta mu, ta hana mu shiga gasar 1998. A wannan shekara ta 1996 ɗin ce yaranmu suka doke Brazil da Ajantina suka ɗauki zinare a gasar Olamfik ta Atlanta, ka ga irin ƙarfin da muke da shi a lokacin. Gasa biyu suka wuce mu saboda shawarar mutum guda, kuma babu majalisa, babu kotu, babu jarida da ta isa ta ce masa ya sake tunani. Shugaba mai ƙarfin da kake so, idan ya yi daidai kowa ya ji daɗi, amma ranar da ya yi kuskure babu mai tare shi.

Sannan ka ce ɗorewar aiki sai da sarki ko soja. Ka dubi Senegal, ƙasar da ba a taɓa yin juyin mulki ba tun da ta samu 'yancin kai a 1960. Sun bar Aliou Cissé a kan aikin koci daga 2015 har 2024, ya sha kashi a wasan ƙarshe a 2019 ba su kore shi ba, ya dawo ya ɗauko musu kofin a Fabrairun 2022 bayan doke Masar. Sadio Mané daga makarantar Génération Foot ya fito, Idrissa Gueye daga Diambars, kuma waɗannan makarantu ba fadar wani sarki ce ta gina su ba. A fagen siyasa kuma, da Shugaba Macky Sall ya ɗage zaɓe a Fabrairun 2024, majalisar kare tsarin mulkinsu ta ce bai halatta ba, aka yi zaɓe a Maris, Bassirou Diomaye Faye wanda bai fi kwana goma da fitowa daga kurkuku ba ya lashe tun a zagayen farko. Abin da ya riƙe ƙwallonsu shi ne ya riƙe zaɓensu, wato akwai ƙa'ida, kuma akwai mutanen da suke tsayawa sai an bi ta. George Weah ma, wanda duniya ta ba kyautar gwarzon ɗan ƙwallo a 1995, da ya sha kaye a zaɓen Laberiya na 2023 yana kan mulki, ya kira Joseph Boakai ya taya shi murna.

Hajiya, ma'aikaciyar jinya, Talatar Mafara:
Baba, Allah ya ƙara girma, ka faɗi abin da ke raina. Ina da ƙari biyu. Na farko ga ƙanena ɗalibi: Marokon da kake yabo, a watan Satumba da Oktoba na 2025 matasanta sun cika tituna suna zanga-zanga, kuma babban ƙorafinsu shi ne ana kashe maƙudan kuɗi a kan filayen wasa alhali asibitoci da makarantu suna cikin mawuyacin hali. Mu daga nesa kofi muke gani, su da ke ciki layin asibiti suke gani. Ni da nake aiki a ɗakin haihuwa, idan aka ce in zaɓa tsakanin sabon filin wasa da jini a ma'ajiya da wutar da ba ta ɗaukewa, ba zan yi dogon tunani ba.

Na biyu, duk wannan muhawara ba wanda ya ambaci mata. Super Falcons sun ɗauki Kofin Afirka sau goma, na ƙarshe a Yulin 2025 a Rabat, inda Maroko ta fara cin su biyu suka farke suka ci uku. Amma a 2016, bayan sun dawo da kofi daga Kamaru, sai da suka ƙi barin otal a Abuja kafin a biya su haƙƙinsu. Wannan ya ƙarfafa maganar Malam, domin a nan ba a rasa nasara ba, ba a rasa koci ba, amma matsalar biyan haƙƙi tana nan yadda take. Ita ce dai matsalar da malamin firamare da ma'aikaciyar asibitin ƙauye da ɗan fansho suke fama da ita. Kuma kada mu manta a inda muke zaune: bayan sace ɗalibai da aka yi a Jangebe a Fabrairun 2021 da Birnin Yawuri a Yunin 2021, iyaye da yawa ba sa sakin jiki su bar yaro ya yi nisa da gida, balle a ce ƙungiyar wani gari ta bi hanya da yamma zuwa wani gari domin wasa. Ba za a yi gasar makarantu a inda makarantar kanta take rufe ba.

Koci, Gusau:
Hajiya, gaskiya ne. Akwai garuruwan da muke zuwa wasan sada zumunta a da, yanzu ko an gayyace mu iyaye ba za su ba da 'ya'yansu ba, ni ma ba zan ɗauki alhakin ba. Sai dai ina roƙon kada a ɗauki fili a matsayin abin wasa kawai. Yaron da ya san ƙarfe huɗu na yamma koci na jiransa, kuma ya san idan aka ji warin wani abu a bakinsa ba zai buga ba, ya samu abin da zai riƙe shi. Ba katafaren fili irin na Uyo muke nema ba. Katanga muke nema, da raga, da famfo guda.

Ɗalibi, Aliero:
Baba, na karɓi misalin 1996, ban san labarin da wannan faɗin ba. Amma har yanzu akwai abin da ba a amsa mini ba. Senegal suna da hukumomin da ke tsayawa, mu namu fa? A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba. A ƙauyuka ana raba taliya da atamfa da 'yan kuɗi ranar zaɓe, kowa ya sani. Zaɓen ƙananan hukumomi kuwa, a kusan kowace jiha jam'iyyar gwamna ce ke kwashe kujeru duka. Idan ciyaman ya san gwamna ne ya ɗora shi, don me zai saurari ni ko Koci? Wannan shi ne dalilin da ya sa matasa suka fi ba ƙwallo zuciyarsu, domin a can aƙalla ana buga wasan a gabanka, ka ga wanda ya ci da idonka.

Malamin Sakandare, Birnin Kebbi:
Ƙanena, yanzu ka kawo mu inda nake so mu zo, kuma jimlarka ta ƙarshe ita ce mafi muhimmanci a duk abin da aka rubuta. Muna iya yi wa koci hisabi ne saboda aikinsa a bainar jama'a yake: mun ga wanda ya saka, mun ga wanda ya cire, mun ga sakamako. Aikin ciyaman da kansila kuwa a rufe yake, kuma mun saba da rufewar har mun daina tambaya. Amma ba a rufe yake gaba ɗaya ba. Kason da ake raba wa jihohi da ƙananan hukumomi daga asusun tarayya ana wallafa shi, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da shi, duk mai waya da data zai iya dubawa. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta wa gwamnoni naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. An yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa, wannan gaskiya ne, amma hukuncin yana nan, kuma ba zai yi aiki ba sai an samu masu neman a yi aiki da shi. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi a nuna masa takardu. Kebbi tana da ƙananan hukumomi 21, Zamfara 14. Da a kowace guda za a samu matasa goma da suka san adadin da ya shigo a watan jiya kamar yadda suka san teburin gasar Ingila, da salon maganar 'yan siyasa ya canza idan sun zo neman ƙuri'a. Mai raba taliya yana samun kasuwa ne a wurin wanda bai san abin da ya kamata ya samu ba.

Alhaji, ɗan kasuwar Kamba:
Malam, ina tare da kai, amma a yi hattara da yadda za a yi tambayar. A garuruwanmu ciyaman ɗan wani ne, surukin wani ne, kuma idan yaro ya tashi shi kaɗai ya rubuta a Facebook, gobe za a je wurin mahaifinsa a ce ɗansa ba shi da kunya. Mu 'yan kasuwa idan muna da koke ba mutum guda muke turawa ba, ƙungiya ce ke zuwa da shugabanninta, a yi sallama, a zauna, a miƙa takarda, a karɓi kwafi mai hatimi. Haka ya fi tsari, kuma ya fi wuya a yi watsi da shi.

Hajiya, ma'aikaciyar jinya, Talatar Mafara:
Kuma idan za a je, a tafi da mata. Su ne suka san asibitin da babu magani da rijiyar burtsatsen da ta lalace, su ne kuma suka fi tsayawa a layi ranar zaɓe.

Baba, tsohon ma'aikacin gwamnati, Yawuri:
Alhaji ya faɗi hanya. Daga abin da na sani na aikin ofis, takardar da aka karɓa aka buga mata hatimi aka saka a fayil tana da rai, ko an daɗe sai an amsa ta, maganar baki kuwa a nan take mutuwa. Ku nemi abu guda a kowace takarda, kada ku tara goma. Ku fara da neman kwafin kasafin kuɗin ƙaramar hukuma na bana, ku duba abin da aka ware wa ilimi da lafiya da matasa da wasanni, sannan ku je ku ga ko abin da aka rubuta yana nan a ƙasa. Jikana na Aliero, kai ne mai karatu a hannu, kai ya kamata ka riƙa ciro alƙaluman nan kana fassara su da Hausa domin masu shayi da 'yan kabu-kabu su ji.

Ɗalibi, Aliero:
Baba, zan ciro na jihohinmu biyu in kawo nan a ƙarshen mako, in sha Allahu. Ban sauka daga ra'ayina ba cewa zaɓen ƙananan hukumomi a yadda ake yin sa yanzu ba zaɓe ba ne, kuma muddin hukumar zaɓen jiha tana hannun gwamna, ciyaman zai ci gaba da kallon sama maimakon ƙasa. Wannan kuma gyaran tsarin mulki yake buƙata, ba takardar ƙungiya ba.

Koci, Gusau:
Ka kawo alƙaluman tukuna. Mu masu horar da yara a nan muna da zama ranar Asabar bayan la'asar, zan gabatar da shawarar Baba da ta Alhaji. Malam, idan ba damuwa ka turo mini samfurin yadda ake rubuta irin wannan takarda, domin mu saka batun katangar fili a ta farko.